Ƙoƙon Kan Rago a Lambun Na'ibi

A shekarun da Babbar Sallah ke faɗowa cikin tsananin sanyi, ina zaune a unguwar Whalley Range a Ingila, ina kuma da ɗan fili a lambun da council, wato hukumar gari, ke yanka wa mutane su shuka albasa da kabeji. Mu uku ne masu jin Hausa a wurin: ni, da wani direban tasi mutumin Kumasi, da wani ɗan Zariya da ya zo karatun digiri na uku. Ɗan Zariyan nan Allah ya ba shi murya da ƙira'a, don haka jama'ar ƙaramin masallacinmu na Longsight suka naɗa shi na'ibi. Yana ji da na'ibancin nan fiye da digirin. A jami'a shi ba kowa ba ne, amma a masallaci dattawa ke bin sa salla.

Wata rana ya kai ziyara gidan surukinsa a Handsworth, can Birmingham, aka ja shi wata gona a bayan gari inda wasu Turawa ke koyar da haɗa taki. Ya dawo bakinsa ba ya rufuwa.

"Baba, wannan ya wuce organic ɗin da ka sani, noman nan da ba takin zamani," in ji shi. "Takin ma sai an yi masa magani."

Na ce ya faɗa mini maganin. Ya ce akwai furen da ake ɗurawa a hanjin saniya kamar tsiran Turawa, a binne. Akwai wanda ake cusawa a mafitsarar barewa, a rataye ta sha rana. Akwai ɓawon itace da ake dakawa, a cika ƙoƙon kan dabba da shi, a binne a wuri mai laima har sanyi ya wuce. In an tono, ɗan kaɗan ake ɗiba a tura cikin tsibin taki, wai sai takin ya jawo ƙarfin taurari.

Na ce, "Malam, wa ya ce ka yi? Boka?"

"Haba Baba. Doctor ce fa matar da ke koyarwar, har littafi gare su."

Na zauna a Omdurman, na zauna a Abidjan, na yi sanyi biyu a Jamus, ko'ina na ga manomi da abin da yake binnewa. Ban taɓa jin haushin manomi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne wanda zai ga tsohuwa a ƙauyenmu tana rataya ƙaho a bakin rumbu ya ce duhun kai, sa'an nan ya koma gida ya cika ƙahon da kashin shanu, ya sa masa lamba, ya kira shi ilimi. Shi kansa na'ibin ya sha yi wa mahaifinsa dariya a gabana saboda layar da yake binnewa a kusurwar gona. Bambancin dai, ta mahaifinsa ba ta zo da Turanci ba.

Hanji da mafitsara suka gagare shi, don tun ciwon haukan shanu hukuma ta sa ido a kan kayan ciki. Kan rago ne kawai ya samu wurin mahaucinmu na Stockport Road, bayan layya. Ya feɗe shi ɗanye, ya ƙwaƙule ƙwaƙwalwar, ya ɗura garin ɓawon, ya toshe. Ƙa'ida ta ce wuri mai laima, a lambunsa kuwa inda ruwa ke kwanciya shi ne kan iyakarsa da mutumin Kumasi. Su biyun kuma da ma ba sa ga-maciji, a kan tiyon ban ruwa.

Na ce masa, "Bahaushe ba ya binne kan rago a iyakar wanda suke faɗa da shi. Ko ka faɗa masa, ko ka bari."

Ya ce in daina tunanin mutanen da.

Dilolin Ingila ba su karanta littafin ba. Suka tono ƙoƙon, suka ja shi har tsakiyar albasar direban. Shi kuwa a lokacin ƙafa ta kumbura masa, likitansa na GP ya rasa gane kanta. Ya zo da safe yana ɗingishi, ya tarar da kan rago cike da baƙin gari, an toshe shi da kyau. Bai yi ihu ba. Ya sa shi a leda, ya kai masallaci.

Bayan La'asar liman ya tsayar da dattawa, aka ajiye ledar a bakin ƙofa wajen takalma.

"Malam na'ibi, naka ne?" in ji liman.

"Nawa ne, Allah gafarta malam, amma compost ne kawai, haɗin taki."

Direban ya ce, "Kwamfos da haƙora? Mu ma a zongon Kumasi muna da masu irin wannan kwamfos ɗin. Ba ma ba su limanci."

Da na'ibin ya ce wauta ce ya yi, da an yi dariya an tashi. Sai ya shiga bayani. Ya ce ƙoƙon kai mazaunin hankali ne, shi ya sa yake tara ƙarfi. Ya ce ba a binnewa sai an duba tsayuwar wata da matsayin taurari. Yana faɗin taurari na ga liman ya sunkuyar da kai.

Na sa baki na ce ni shaida ne, ba sammu ba ne, shirmen Turawa ne ya kwaso. Wani dattijo, wanda na san da guru ɗaure a ƙugunsa a ƙarƙashin rigar sanyi, ya ce ai shirka ba ta da fasfo. Kowa ya gyaɗa kai, har da wani mai zuwa duba wurin wani malami a Birmingham duk wata.

Ba wanda ya furta cewa an tsige shi. Da Magariba ta yi, liman ya ce maƙogwaronsa ba daɗi. Na'ibi ya gyara hula ya taka gaba, sai liman ya kama hannun wani tsoho mai gyaran mota, wanda ƙira'arsa ba ta wuce gajerun surori ba, ya tura shi kan dardumar. Na'ibin ya tsaya jim, sa'an nan ya ja da baya ya shigo sahu kusa da ni. Tsohon ya yi tuntuɓe a aya ta biyu, ya yi shiru yana jiran gyara. Na ji na'ibin ya ja numfashi zai ɗora masa, sai ya haɗiye, wani daga can gefe ya ɗora.