Ƙofar Babba da Ƙofar Ƙarami

Ku matso kusa, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidanmu na Tudun Wada aka yi ta, ina zaune ina gani.

Jikokina tagwaye ne, maza. Ni kuwa a gidan da na tashi, ba a bambanta tagwaye. Takalmi iri ɗaya, hula iri ɗaya, ko kara za ka ba ɗaya, ka karya wa ɗan'uwansa daidai tsawonsa. Saboda haka ranar da ubansu zai je Kwangila sayo musu abin latsawa na wasan ƙwallo a kwamfuta, wanda suke kira fad, na ja masa kunne: biyu, kuma kada ko launi ya saɓa. Ya kawo su baƙaƙe wul, kamar an tsaga kara.

Ƙaramin, hannunsa na hagu ba ƙarfi tun wani zazzaɓi da ya yi yana goye. Autata, gwaggonsu, mai karatu a jami'a, nan unguwar Kongo, ita ta zauna ta kwashe masa aikin maɓallan hagu ta mayar dama a cikin kwamfutar, ya zama da hannu ɗaya yake kora ƙwallo. Ranar da ya fara zura wa yayansa ƙwallo a raga, wallahi sai da na yi guɗa, maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko haihuwa aka yi!

Washegari aka sake jona wayoyin fad ɗin, don kullum muna cire su saboda ɓera. Ƙaramin ya latsa, ɗan wasansa ya tsaya ƙiƙam. Shi kuma babban, nasa yana ta harbin iska. Ƙaramin ya ajiye fad ɗin a hankali ya ce ya daina, dama wasan masu hannu biyu ne. Ga shi 'yan'uwansu na Hanwa za su zo gasa ranar Asabar, ya kwana yana cika baki.

Na ce, "Haba angona, ka bar ni da kunya a gaban mutanen Hanwa?"

Ya ce, "Ke tsohuwa, ina ruwanki da ƙwallo?"

Na tashi na ɗauko jan zare na ɗaura wa fad ɗinsa don a riƙa gane nasa, kamar yadda ungozoma ta ɗaura wa yayansa a wuyan hannu ranar da aka haife su. Autata ta shigo, ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Inna, kwamfuta ba ta da ido. Duk abin da aka jona mata, tambayarsa take yi kamar baƙo a zaure: wane kamfani ya yi ka, wane iri ne kai? Sai ya ba ta lamba. Waɗannan biyun amsa ɗaya suke bayarwa, ba mai lambar kansa. To ta me za ta gane su? Sai ta ƙofar da kowa ya shigo, da wanda ya riga sallama. Gyaran da na yi na mai zuwa na biyu ne. Yau nasa aka fara jonawa, sai gyaran ya koma kan yayansa."

Ubansu ya ce abu mai sauƙi, a mayar da ɗaya a karɓo na wani kamfani. Na ce ba a gidan nan ba, ina raye.

Autata ta ce, "To a bi tsarin haihuwa. Babba ya fara shiga, kowa da ƙofarsa."

Ai kuwa na ji daɗin wannan magana! Ta ɗiga jan farce a bakin ramin dama na kwamfutar, na kwance zarena daga jikin fad na mayar kan wayarsa, ja ya tafi wurin ja. Babban ya jona nasa, kwamfutar ta yi 'yar ƙararta ta amsa sallama. Aka dakata. Sannan na miƙa wa ƙaramin wayarsa.

Ya ce, "In bai yi ba, na sake ki."

Na ce, "Jona dai, malalacin miji."

Ya jona, ya latsa, ɗan wasansa ya zabura da gudu! Yaro ya yi tsalle har ya zubar mini da kunu, ban ko kula ba.

Ranar Asabar mutanen Hanwa suka zo. Ƙaramin ya ci na farko, ya ci na biyu, na uku ya lallasa shi, ya tashi yana cewa a sake. Wannan "a sake" ɗin ta fi mini duk ƙwallayen da ya zura.

Yanzu babban yana koyon gyaran waya a Kwangila, har yau ba ya yarda a riga shi shiga ɗaki. Ƙaramin yana sakandare, ya koma wasa a waya da babban yatsa ɗaya. Autata ta gama Kongo ta yi aure a Hanwa. Ubansu ya sayar da kwamfutar da ɗigon janta. Fad ɗin biyu suna cikin adakata, ɗaya da zarensa. Ni kuwa ga ni nan, kunne ya yi nauyi, baki bai mutu ba. Nan ta tsaya, ku tashi ku ba ni wuri in miƙe ƙafa.