Bakin Gola

Ƙanin marigayi mijina tela ne, amma ko uwarsa Gola take ce masa. Shagonsa na jikin ɗakina, sai na iya gane halin da ya kwana a ciki daga ƙarar keken ɗinkinsa. Da la'asar yakan rufe, ya saɓa safar hannunsa a kafaɗa, ya nufi filin da ke bayan gidanmu. Ta tagata nake ganinsu suna ƙwallo ina lazimi.

Ban san ƙwallo ba, amma na gane aikin gola rabinsa baki ne. Shi ke ganin kowa, masu tsaron baya kuwa ƙeya suke ba shi. Sai ya ce "Bari!" su bari, ya ce "Cire!" su cire. Wanda ya fi jin muryarsa shi ne Dogo mai walda, mijin ƙanwarsa.

Ranar da Dogo ya saki yarinyar, ta dawo da goyo da akwati, Gola ya tsaya tsakar gida ya rantse da Allah ba zai ƙara yi masa magana ba. Na ce, "Miji ƙarami, bakinka ya riga hankalinka." Ya ce, "Matar yaya, bar ni."

Bai bar ƙungiya ba, Dogo ma bai bari ba. Sai Gola ya koma tafa hannu da yin fito da baki maimakon kiransa. Wani lokaci ya aiki na kusa: "Gaya wa wancan ya matsa hagu!" Kafin saƙo ya isa, ƙwallo na raga. 'Yan kallo suka samu abin yi: "Gola, a kawo maka ɗan aike mai babur?" Aka yi ta cin su, har ya rage in an sake ci, sun fita daga gasar unguwanni. Koci ya zo shago ya yi lallashi. Gola bai ɗaga ƙafa daga keke ba.

Ranar wasan, ana dab da tashi, aka ɗago wata ƙwallo sama. Dogo na ja da baya idonsa a kanta, bai ga ɗan wasan da ya zagayo ta bayansa ba. Na ga Gola ya ɗaga hannu zai tafa, ya fasa.

"Dogo! Bayanka! Cire!"

Har cikin ɗakina na ji. Dogo ya tashi ya sa mata kai, ta yi waje. Da aka tashi kowa ya rungumi kowa, su biyu kuwa kowa ya ɗauki takalminsa ya kama hanyarsa.

Washegari na kai masa abin karyawa. Ya ce azumi yake, na kaffara.

"Kun shirya ke nan?"

"Ina fa! In na tuna kukan yarinyar nan, ko inuwarsa ba na son gani." Ya zura zare a allura, ya kuskure, ya sake. "Amma sauran yaran me suka yi mini? Fushin nawa ne, raga kuwa ta kowa ce."

"To gobe a fili?"

"Zan kira shi. A hanya dai kada ya sa rai."

Na ɗauke kwanona na ce Allah ya karɓa, ya kuma sanyaya ragowar. Bai ce amin da ƙarfi ba, amma na ga leɓensa ya motsa.