Yatsu huɗu a lungun Mma

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, ina da wani babur shuɗi, irin na gudun nan da mutum ke kwanciya a kan tanki kamar mai neman allura a ƙasa. Mai injin ɗari shida ne, wato matsakaici. Ya fi na 'yan okada nesa ba kusa ba, amma bai kai manyan ba. Shekara biyar na yi ina hawansa. Ban taɓa ba da labarin rabuwarmu yadda yake a bainar jama'a ba, don ni ne mai laifi a ciki tun daga farko har ƙarshe.

A lokacin ina sayar da batir da fitilun mota a Abossey Okai, iyalina suna Madina. Mahaifiyata kuwa tana gidanmu na Maamobi tare da yayata. Ciwon suga ya ci mata ido, ba ta ganin komai sai bambancin haske da duhu. Kullum in na rufe shago bayan la'asar, sai na biya ta wajenta kafin in wuce gida.

Wanda ya san Maamobi ya san lungunanmu. Daga titi zuwa ƙofarmu taku arba'in ne, kuma a tsakiya akwai wani wuri da katangar maƙwabta ta matso kusa da turken wutar lantarki. In na zo nan sai in naɗe madubai biyu, in matse gwiwoyina a jikin tanki, in wuce a hankali. Duk da haka sau da yawa katangar ta karɓi rabonta na fenti. Salansar babur ɗin ta taɓa tsagewa aka yi mata walda, tun daga nan ta sami wani ɗan fito a ƙarƙashin ƙararta, wanda ban ji a babur ɗin kowa ba. Da wannan fiton Mma take gane ni tun ina titi.

A tsakar gida nake ajiye shi, dab da tabarmarta. Sai ta miƙo hannu kusa da injin, ba ta taɓa ba, ta ji zafinsa.

"Babana, yau wa ya koro ka?" Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta kiran sunana.

"Ba kowa, Mma. Cunkoso ne ya sa injin ya yi zafi."

"Cunkoson ne ya sa na jiyo ka tun daga wajen masu kifi kana kuka kamar an taka maka wutsiya?"

Ni ne autanta, don haka ta mai da babur ɗin ƙanena. Dokarta ɗaya ce: ba na tafiya sai ƙanena ya huce. Injin babur kuwa ba ya hucewa da wuri. Kafin ya yi sanyi na ci tuwo da miyar ayoyo, na yi magariba a masallacin unguwa, na ji wa ya haihu, wa ya koma Kumasi, wace ce ta yi fushi da surukarta. A lokacin ban san ana lissafa irin wannan zaman cikin arziki ba.

Abin ya faro ne ranar wata ƙaramar Sallah. Kun san yadda masu babura ke cika titin Nima bayan an sauko idi. Na wanke nawa tun asuba, na fito ina jin kaina. Ina tsakiyar jin kan nan sai wasu manya guda uku suka wuce ni, ƙararsu har cikin haƙarƙarina. Mutanen da ke tafa mini suka juya gaba ɗaya suka bi su da ido. Ni da 'ya'yana biyu da tumbin da ya fara turo riga, wallahi na koma gida ban iya cin abincin Sallah ba.

Bayan sati biyu abokina, wanda ke shigo da babura na hannu daga waje, ya buɗe kwantena a bayan shagona. A ciki akwai wani baƙi, mai dubu ɗaya da ɗari uku, dogo, mai faɗin ƙirji. Na zagaya shi sau uku.

"Cale, abokina, ka daina zagaya shi kamar mai neman aure," in ji shi. "Hau ka ji."

Na hau, na murɗa totur kaɗan.

"Kawo shuɗinka ka yi ciko, ka tafi da shi. Kai fa ka wuce hawan abin yara."

"Bari in yi tunani."

"Yi tunaninka. Akwai wani Alhaji a New Town da ya ce a ajiye wa ɗansa, ni dai don kai ne."

Sati uku na yi ina wannan tunanin. Da safe in ce ba zan canza ba, shuɗin bai taɓa barina a hanya ba, na san kowace ƙusa a jikinsa. Da rana in leƙa bayan shago in ga baƙin yana sheƙi, sai duk hujjojin safe su watse. Na je wajen makanikena na tambaye shi ko shuɗin ya fara gajiya, ina fatan ya ce e. Ya ce injin nan zai kai jikokina makaranta. Na ji haushinsa har kwana biyu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai mutum ɗaya. Wata ranar Laraba, Mma tana sallar la'asar a ɗaki, yayata ta tafi kasuwa, na kwance igiyar shanya ta tsakar gida. Na je wajen turken nan na auna daga katanga zuwa turke, na ƙulla ƙulli a daidai wurin. Na sa igiyar a aljihu. Washegari na jira abokina ya tafi cin abinci, na shimfiɗa ta a ƙirjin baƙin babur, inda ya fi faɗi. Ya wuce ƙullin da yatsu huɗu. Na sake aunawa, na ja igiyar har tana neman tsinkewa. Yatsu huɗu dai.

Na sani ke nan. Ba wanda ya ruɗe ni. Na tsaya da igiya a hannu na ce wa kaina, to mene ne, taku arba'in ne kawai, in ajiye shi a bakin titi in taka da ƙafa. Da yamma na mai da igiyar na ɗaure. Ranar Asabar na miƙa makullin shuɗi.

Da na shiga gida a ƙafa, riƙe da hular kwano, Mma ta ɗago kai.

"Wane ne?"

"Ni ne, Mma."

"Ina ƙanenka?"

"Na canza shi da babba. Yana bakin titi."

"To shigo da shi mana in ji zafinsa."

"Ai lungun ya yi masa kaɗan. Ban sani ba sai yanzu da na gwada."

Ta gyara mayafinta. "Allah ya tsare," ta ce. 

Taku arba'in ɗin nan suka zama mini tafiya. In na bar babur a titi hankalina yana can: kada motar haya ta trotro ta goge shi, kada wani ya jingina kaya, kada a kwance madubi. Na fara cin tuwo a tsaye. Na fara cewa a zuba mini a kula in tafi da shi. Tunda babu injin da za a jira ya huce, babu abin da ke riƙe ni. Daga kullum na koma sau uku a sati, daga nan Juma'a kawai, ita ma Juma'ar wani lokaci in aika gaisuwa ta waya. Sallar da ta zagayo kuwa ni ne a gaba a titin Nima. An tafa mini. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, na kamar minti goma.

Wata rana sai ga yayata a shagona, ita da ba ta taɓa zuwa ba. Ko zama ba ta yi ba.

"Auta, wa ka sayar wa babur ɗinka?"

"Abokina na ba, shi ya sayar. Lafiya, Yaya?"

"Wanda ya saya a bayan unguwarmu yake. Kullum bayan la'asar sai ya wuce ta titinmu. Da ta ji fiton nan sai ta miƙe, ta lalubi bango har bakin ƙofa, ta ce in ɗora miya a wuta. Wata bakwai ke nan ina ɗumama miya ina saukewa. Na gaji da rufa maka asiri, shi ya sa na zo."

Ta juya ta tafi. Kuna tsammanin a ranar na gyara? Ban gyara ba. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta ƙara hana ni zuwa. Sai da na ƙara wata guda ina juya abin kafin na nemi mutumin. Na same shi a gaban shagonsa na ɗinki, mutum mai fara'a, shuɗin yana jingine a gefe tsaf. Na ce masa ya faɗi abin da yake so, ko ma ya karɓi baƙin. Ya yi dariya ya ce baƙin ya fi ƙarfinsa, shuɗin kuma ya shiga ransa, ba na sayarwa ba ne. Na roƙe shi ya ara mini na yini ɗaya. Ya ce wannan ba komai, ya tayar mini da shi.

Ƙarar da ta fito ba tasa ba ce. Na duba, salansa sabuwa fil.

"Wancan fiton ya dame ni," in ji shi. "Sati biyu ke nan na cire tsohuwar. Masu gwangwan sun tafi da ita."

Na gode masa na bar masa abinsa. A ranar na bar baƙin a shago, na hau trotro zuwa Maamobi. Na zauna a bakin tabarmar Mma, na cire takalmi, abin da na daɗe ban yi ba. Muka gaisa. Can sai ta ce:

"Babana, kai da ka san masu babura, ka tambayo mini yaron nan da ya sayi ƙanenka. Sati biyu ban ji wucewarsa ba. Ko lafiya?"

 Na ce lafiyarsa ƙalau, salansa ya canza. Na ce, "Mma, ashe kin san ba ni ba ne?"

"Tun kwana na uku. Kai kana rage wuta a bakin kwalbati sau biyu, shi ba ya ragewa. Ka ce masa ya riƙa ragewa, akwai yara a wurin."

"To me ya sa kike tashi?"

"Ƙafar ce ta saba. Kuma na ce wa ya sani, ko wata rana ka aro."

Nan na faɗa mata maganar igiya, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, sannan ta yi 'yar dariya.

"Ni na ɗauka ka zo da sabon labari. Ranar da yayarka ta nemi igiya ta rasa, washegari na shafa na ji ƙulli a tsakiya, na san hannunka ne. Ɗaurinka ɗaya tun kana ɗaure akuya. Da nawa ya wuce?"

"Yatsu huɗu."

Ta ɗaga hannunta, ta haɗa yatsu huɗu, ta shafa su da ɗaya hannun kamar tana auna su.

"Ba yawa," ta ce. "Tashi ka wanke hannu, miyar tana wuta."

Na sayar da baƙin kafin watan ya ƙare. Na sayi ƙarami irin na masu kai saƙo, wanda ke wuce turken nan ko madubi ban naɗe ba. Mma ta ce ƙararsa kamar injin markaɗe, kuma ba ta taɓa kiransa ƙanena ba. Wani abin kuma, ƙaramin inji nan da nan yake hucewa. Sai na koyi zama ba tare da an kafa mini doka ba. Shekara biyu da 'yan watanni muka samu a haka kafin Allah ya karɓi abarsa. Ina gode masa da su. Amma watanni takwas ɗin can ni na zubar da su da hannuna, kuma babu kwantenar da za ta shigo da irinsu.

Ba ina cewa babban babur laifi ba ne. Wanda ya saya ya hau lafiya, Allah ya tsare shi. Abin da ke damuna shi ne na auna, na ga amsa da idona, na naɗe ta na sa a aljihu. Da ban auna ba, da sai in ce kuskure ne.

Shuɗin na ji an kai shi Tamale daga baya. Har yau in ina shago wani mai ɗari shida ya wuce, sai in tsinci kaina na bar ciniki ina kasa kunne, ko zan ji fito, alhali na san salansar ta daɗe da narkewa. Yayata tana gidan har yanzu, kuma igiyar shanya an canza ta ba sau ɗaya ba. Fentin dai yana nan a katanga, daidai tsayin gwiwa, don maƙwabtanmu ba masu yin shafe ba ne. In na zo wajen turken ina rage wuta sau biyu, ko da babu kowa a lungun.