Kayen Waƙoƙin Baba da Baba Yohanna

Ranar wata Litinin ce, cikin zafin bazarar shekarar da aka fara zaɓen jam'iyyu barkatai, ina da shekara goma sha ɗaya, na zare jan bik ɗin Baba, alƙalaminsa na ba da maki, daga gwangwanin da yake ajiye shi, na laɓe bayan ɗakin girki da wani kaye, littafin rubutu mai koren bango, a kan cinyata. Lakwal, makarantarmu ta boko, tana rufe saboda yajin aiki, mun gaji da ƴar gala-gala har layin da muke zanawa a ƙasa ya zama rami. Inna tana surfe, Baba kuwa tun safe ya tafi Jiratawa taya ƙanensa ban ruwa a garka. Abin da na rubuta ranar nan layi tara ne kacal, amma har yau ban huta da shi ba.

Baba malamin lakwal ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Amininsa Baba Yohanna yana koyarwa a Tibiri, shi ke kuma bi da waƙa a majami'arsu. Tun a shekarun tamanin suka kamu da son ƙananan faya-fayan nan masu waƙa ɗaya a kowace fuska, na Kinshasa da Abijan da Legas har da na Turawa, suna juye su a kasat. To malami dai ba ya jin abu ya ƙyale. Kowace waƙa sai sun ba ta maki bisa ashirin kamar ɗan aji, cikin kaye guda, mai koren bangon nan: Baba Yohanna da shuɗin bik, Baba da ja, kowa ya rubuta hujjarsa a ƙarƙashi. Ran Lahadi bayan sujada za ka ji ƙugin mobilet, ɗan babur ɗin Baba Yohanna, a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma gindin bedi, Inna ta dama fura, a kunna radiyo.

Ban taɓa ganin sun dace a kan waƙa ko ɗaya ba. Baba ya tsani gangar inji da ta cika waƙoƙin lokacin, da ya ji ta sai ya ce, "Wannan ba hannun mutum ba ne, shida ta ishe shi." Baba Yohanna shi ba ruwansa da ganga, kunnensa na wajen masu amshi, ko muryoyinsu sun haɗu ko kowa ya kama gabansa. Akwai waƙar wata ƴar Abijan da ya ba sha bakwai, ya rubuta cewa muryarta tana hawa ba ta haki. Baba ya ba ta takwas, ya rubuta cewa kalma huɗu take juyawa har minti biyar, ta ƙara ƙoƙari. Sai su yini a kai, furar ta tsinke, Inna ta leƙo ta ce, "Ku dai kun ji daɗinku, mai waƙar ba ta ma san kuna yi ba." Ni a lokacin faɗa nake ɗaukarsa, har gabana ya riƙa faɗuwa in murya ta tashi.

Sai siyasa ta shigo gari, kowane bango da fentinsa, kowace mota da lasifika. Baba ya bi wata jam'iyya, Baba Yohanna ya bi wata. Wata Lahadi aka yi gardamar da babu waƙa a cikinta, Baba Yohanna ya tashi bai taɓa furarsa ba. Daga nan bai sake zuwa ba. Baba ya zama wani iri, ba fara'a, radiyo sai labaru, mu ma muka koyi tafiya a hankali cikin gida. Bayan kamar wata biyu, Iya Ladi, mai ƙuli-ƙulin Tibiri da ke zuwa kasuwa Litinin da Juma'a, ta kawo kayen da kasat guda. Tsoffin waƙoƙi tara ne, shuɗin maki da dogon sharhi a ƙarƙashin kowace, wurin ja a buɗe yana jira. Ko ni yarinya na gane neman shiri ne. Baba ya ɗora kayen bisa akwati, sati uku bai ce komai ba. Duk ranar kasuwa Iya Ladi ta tambaye ni ko akwai saƙo, in ce babu, kunya kamar in nutse.

Shi ya kai ni bayan ɗakin girki. A wautata, tunda gardama ce ta raba su, in suka yarda da juna sai a shirya. Inda Baba Yohanna ya sa sha shida na sa sha shida, inda ya sa sha biyu na sa sha biyu, har tara, ina kwaikwayon lambobin Baba da na sani a kayena. Sharhi ban rubuta ba, don Faransancina zai tona ni. Da la'asar na miƙa wa Iya Ladi na ce in ji Baba. Ran Lahadi na share gindin bedi tas, na fito da tabarma, har inuwa ta juya ba mobilet.

Abin da ban sani ba, a wurin malamai maki tsirara ba sharhi na ɗalibin da ba a karanta takardarsa ba ne. Mutumin da shekara goma bai taɓa yarda da kai ba, yau ya kwafe makinka tara bai ce uffan ba, ai ya ce maka ka rabu da shi ke nan. Ban kuma san cewa Baba yana tafiya da kasat ɗin Jiratawa ba, yana saurare a bakin garka, yana rubuta nasa a guntun takarda. Ran Juma'a ya nemi kayen don ya juye. Inna ta ce ta ga Iya Ladi ta fita da shi. Baba ya ce, "To, ya aiko an karɓi abinsa ke nan." Ina tsaye da tsintsiya a hannu ban buɗe baki ba. Tsoron bulala ne da fari, daga baya maganar ta yi mini nauyin da ban san ta inda zan ɗauko ta ba. Suka koma gaisuwar wurin suna da jana'iza, hannu da hannu, kowa ya wuce.

Na riga na yi aure lokacin da Baba Yohanna ya rasu. Na raka Baba Tibiri gaisuwa, matarsa ta fito da kayen ta ce na Baba ne yanzu. Ya buɗe shafin ƙarshe ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya kama hannuna ya koya mini rubutu, ina zai kasa ganewa? Bai yi faɗa ba. Sai da muka tsaya bakin hanya jiran mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hadiza, ta huɗun nan da kika ba sha shida, bakwai na ba ta. Da ya gani, washegari da sassafe zai zo ya same ni."

Yau ƴaƴana da waƙoƙi dubu a salula, kowa da abin kunnensa, in ta yi masa ya danna yatsa, in ba ta yi ba ya wuce, ba mai tare wani da musu. Gidana lafiya lau, shiru har ya yi yawa. Ni kuwa na gaji da mutanen da ke ce mini haka ne. Da na san masu tsayawa su yi gardama da kai ba su da yawa, da ban taɓa bik ɗin nan ba.