Ta Sha Biyu a Layi

Kocinmu ta ƙwallon kwando a kwaleji Bayarabiya ce 'yar Sabon Gari. Kullum da safe sai mu jera mu ƙirga kanmu. Mu sha ɗaya ne, amma idan ta ƙarshe ta faɗi lambarta, Koci takan tsaya shiru tana saurare, sannan ta hura usur. An ce wata 'yar wasanta ta taɓa faɗuwa a filin nan ta rasu.

Da Koci ta yi ritaya ni na gaje ta, yarana ma sha ɗaya. Ranar farko na ce ba ni da lokacin wannan shirme, na kai usur baki. Sai na ji murya a ƙarshen layi, tana haki: "Sha biyu, Koci."

Yanzu ni ma jira nake.