Tarihin Tela da Takalmansa da Aka Ɓoye

Babban ɗansa ne ya ɓoye masa takalma. Yayar marigayin, wadda ba ta yi boko ba, ita ta sa aka rubuta wannan tarihi, kuma ta ce da wannan za a fara.

Haihuwa

An haifi Tela a shekarar 1961, a gidan haya bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa mai wankau. Shi ne auta, yayarsa ce ta goya shi.

Sana'a da Iyali

A 1977 ya shiga koyon ɗinki, ya manne wa kujera ɗaya shekara da shekaru, har abokai suna yi masa ba'a wai ƙafarsa mai taka keke ce kaɗai ke raye. Ya yi aure a 1986, Allah ya azurta shi da 'ya'ya huɗu, kuma da allura da zare ya kai babbansu har aikin ofis.

Jinya

A 2019 aka gano ciwon daji a hanjinsa, aka yi masa tiyata, aka manna masa leda a ciki inda bayan gida ke fita. Likita ya umarce shi da tattaki kullum, ko zuwa bakin titi ne, domin ƙarfi ya dawo, jiki ya iya ɗaukar magani. Tela ya haɗiye kunyarsa, ya ɗinka wa ledar aljihu cikin riga, ya riƙa fita da hantsi, har abinci ya soma shiga.

Sai rannan ledar ta yi yoyo a ƙofar shagon aski, a idon abokan babban ɗan. Washegari takalma suka yi ɓatan dabo.

"Baba, ka rufa mana asiri, ka kwanta," in ji babban ɗan.

Tela ya juya fuska bango, bai ƙara fita ba. Gida kaf kowa ya sunkuyar da kai. Ƙafafu suka kumbura, baya ya yi gyambo, har likita ya dakatar da magani saboda rauni.

Rasuwa

Ya rasu a 2021, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban, malamar makaranta, direba, da auta.

Yayarsa ba ta ce tattaki na hana ajali ba. Cewa ta yi direban ya tsinci takalman a but ɗin motar wansa, ƙarƙashin taya. To, babban ɗan ya fito da su gaban dangi, ya faɗa da bakinsa: me ubansa ya yi masa da ya zama abin ɓoyewa?