Taraktar Baba a wancan ƙetaren

Ina tuna lokacin da nake tsaye bakin Komadugu kusa da Boso, ina kallon taraktarmu a wancan ƙetaren, ruwa ya raba mu da ita. Yau na ga wata irinta a garejin Diffa, abin ya dawo mini sabo.

Farkon shekarun dubu biyu ne. Baba ya sayar da shanun nomansa ya sayi ƙaramar tarakta ta hannu a ɓangaren Najeriya. Lokacin kogin a bushe yake, da ƙafa ake wucewa.

Na ce mu ƙetaro da ita ranar. Baba ya ce tayoyinta sun suɗe, gonarmu kuma gangare ce, ba zai bari ta zame da ɗansa cikin kwari ba. Ya bar ta can ya shiga neman tayoyi masu manyan haƙora. Wannan ta tsage, waccan ta yi siriri. Ni ko zama na kasa, kullum ina leƙen kogi.

Ranar da aka ɗaura tayoyin, ruwa ya iso. Babu gada kusa, kwale-kwale kuma ba ya ɗaukarta.

Baba ya nuna wa Inna ita daga nesa.

"Kin ga tayoyin kuwa?"

"Na gani, Malam. Sun iya iyo?"

A shekarar, da fartanya muka yi noman tattasai, tarakta tana kallonmu.

Har yau ban san ko haushin Baba zan ji ba, don ni ne ɗan da zai tuƙa ta. Ku da kun ƙetaro da ita?